Karatun gida a Doma: Abin da doka ta tanada, da abin da yaro ke riƙewa har girma

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar Korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin Najeriya, batun koyar da yara a gida ya fita daga hirar 'yan boko ya shiga tsakar gidaje. Ɗaliban ajin ƙarshe ne kaɗai suka koma aji a watan Agusta domin rubuta jarrabawa, sauran kuwa sai wajen Oktoba aka soma buɗe musu ƙofa. A cikin waɗannan watanni iyaye da dama suka gane wa idonsu abin da 'ya'yansu suka iya da abin da ba su iya ba.

Annobar ta wuce, amma dalilan da ke zaunar da yaro a gida suna nan. A Ƙaramar Hukumar Doma ta Jihar Nasarawa, wadda ta yi iyaka da Jihar Binuwai, rikicin manoma da makiyaya ya sha raba iyalai da ƙauyukansu, ambaliyar Kogin Binuwai ta 2022 kuma ta mamaye gonaki a yankin Rukubi. A Abuja, maƙwabciyar jihar, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025. Duk lokacin da irin haka ta faru, tambaya guda ce ke gaban uwa da uba: yaro zai zauna ne haka nan har a buɗe makaranta, ko gida zai ɗauki wani sashe na nauyin?

Mene ne karatun gida?

Kalmar tana ɗaukar ma'ana uku, kuma cakuɗa su ne ke jawo ruɗani. Ta farko ita ce cikakken karatun gida, inda iyaye ke janye yaro daga makaranta baki ɗaya, su tsara masa manhaja da jadawali, su koyar da shi da kansu ko su ɗauko masa malami. Wannan ake nufi idan ana maganar a Amurka ko Ingila.

Ta biyu ita ce karatun tallafi. Yaro yana zuwa makaranta, gida kuma yana cike giɓin da aji ya bari, da yamma, da ƙarshen mako, da lokacin hutu, da duk sa'ad da wani dalili ya sa aka rufe makaranta.

Ta uku kuwa suna kawai ta ara. A ajiye yaro a gida domin talla ko reno ko kiwo, sannan a ce ana koya masa zaman duniya. Ma'aunin da ke raba wannan da biyun farko mai sauƙi ne: bayan wata uku, yaron ya iya karanta abin da ya gagare shi a da? Akwai littafin da za a buɗe a ga aikinsa da kwanan wata? Idan amsar a'a ce, to yaron yana cikin waɗanda ba sa karatu ne, ko da wane suna aka kira zamansa.

Yawan irin waɗannan yara shi ya sa batun ke da nauyi a Najeriya. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 da ba sa zuwa makaranta a ƙasar, yayin da ƙiyasin hukumar UNESCO na 2022, wanda ya haɗa da 'yan sakandare, ya kai kimanin miliyan 20.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara shi

Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba. A Amurka, karatun gida halattacce ne a dukkan jihohi 50 tun 1993, sai dai kowace jiha da sharuɗɗanta. Hukumar ƙidayar ƙasar ta gano cewa gidajen da ke koyar da yaransu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a farkon annobar Korona zuwa kashi 11.1 a ƙarshen 2020.

A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibcin samar wa yaro ilimi, amma ta bar musu zaɓi tsakanin makaranta da wata hanyar. Afirka ta Kudu ta amince da shi tun 1996, bisa sharaɗin a yi wa yaro rajista da hukumar ilimi ta lardinsu. Faransa ta tsaurara, domin tun 2022 sai an nemi izini. Jamus kuwa ta haramta shi, kuma a 2019 Kotun Kare Haƙƙin Bil Adama ta Turai ta goyi bayan hukumomin ƙasar a ƙarar da wasu iyaye suka shigar.

Abin da ya haɗa yawancin ƙasashen da suka halatta shi shi ne cewa hukuma tana da hanyar shiga tsakani idan aka bar yaro babu ilimi.

Matsayin dokar Najeriya

Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma mara masa baya da doka a 2004. Dokar ta wajabta wa gwamnati samar da ilimin shekara 9 kyauta, wato shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Ta kuma wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar yaronsa ya shiga makaranta ya kammala waɗannan matakai.

Hukuncin wanda ya saɓa a bayyane yake. Karo na farko jan kunne ne. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Idan aka sake, tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyun. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta jaddada haƙƙin kowane yaro na samun ilimin farko kyauta kuma dole.

Dokar ta 2004 ta yi magana ne a kan halartar makaranta, ba ta kuma shimfiɗa tsarin yi wa mai karatun gida rajista ba kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi. Saboda haka uban da ya janye ɗansa daga firamare baki ɗaya ba shi da kariyar doka, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce. Wanda lalura ta tilasta masa, kamar doguwar jinyar yaro ko gudun hijira, hanyar da ta fi masa ita ce ya sanar da shugaban makaranta da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, waɗanda ke ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, domin sunan yaron ya ci gaba da zama a rajista.

Karatun tallafi kuwa babu dokar da ta hana shi. Shi ne kuma ya fi dacewa da halin da yawancin iyalan Doma da makamantanta ke ciki.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan

Kafin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, gida da zaure su ne cibiyoyin ilimi a Arewa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya fara karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, ya ci gaba a hannun dangi kafin ya tafi wurin malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. A littafinsa Nurul Albab ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a cikin gida ta yi karatu, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Daga wajen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da shugabannin mata da ake kira jaji, su kuma su koma garuruwansu su karantar da mata a cikin gidajensu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi tsari. Karatun gidan su Nana Asma'u yana da littattafai sanannu, yana da malami mai izini, yana da bita, kuma ɗalibi ba ya wuce wani mataki sai ya ƙware a na baya. Makarantar allo har yau a kan wannan ƙa'ida take: ba a wanke allo sai karatu ya zauna.

Abin da gida ya fi iyawa

Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da hamadar Sahara adadin ya kai kashi 89. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum. Malamin da ke gaban aji mai cunkoso ba shi da damar sauraren karatun kowane yaro, amma uwa ko yaya na iya yin haka cikin minti goma.

Doma na da kayan koyarwa da babu su a cikin littafi. Yankin ya shahara da noman doya da riɗi da shinkafa da rogo da agushi, kuma kowanne darasi ne.

A ɗauki lissafi. A kasuwar doya ana ciniki da ƙwarya, wato doya 100. Yaron da ya ƙirga ƙwarya da hannunsa goma-goma ya riga ya fahimci tushen lissafin goma da ɗari. Idan aka ce masa an sayar da ƙwarya uku da rabi, doya nawa ke nan, ya shiga ninkawa da rabawa. Idan aka bar shi ya ƙirga mudu nawa ke cika buhun riɗi, sannan ya kwatanta kuɗin mudu da kuɗin buhu, ya soma gane riba da faɗuwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a sa ya rubuta lissafin a littafi bayan an dawo gida, domin a haɗa abin da hannu ya taɓa da abin da alƙalami ke rubutawa.

A ɗauki labarin ƙasa. Riɗin Najeriya ana fitar da shi zuwa ƙasashe irin su Japan da China da Turkiyya. Bin sawun buhu ɗaya a kan taswira, daga gona zuwa Lafiya, zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, zuwa ƙetare, ya fi haddace sunayen nahiyoyi zama a ƙwaƙwalwa. Haka ma Kogin Binuwai: ya taso daga tsaunukan Adamawa a Kamaru, ya ratsa madatsar Lagdo, ya wuce kudancin Doma, ya haɗu da Kogin Kwara a Lakwaja. Yaron da ya ga ambaliyar 2022 da idonsa zai fahimci dalilin da ya sa ruwan da aka yi a wata ƙasa ke iya cinye gonar mahaifinsa.

A ɗauki kimiyya. Madatsar ruwan Doma da gonakin shinkafa na Rukubi, inda kamfanin Olam ke da babbar gona, suna nuna yadda ake tara ruwa a sarrafa shi domin noma. Ziyarar irin waɗannan wurare tana buƙatar rakiyar babba da nisantar bakin ruwa. A cikin gida kuwa, ƙwayar wake da aka shuka a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ana auna tsayinsu duk bayan kwana uku, gwaji ne cikakke. A maƙwabciya Keana, yadda mata ke tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishiri, darasin tacewa ne da ƙafewar ruwa da ake karantawa a sakandare.

A ɗauki tarihi. Doma ɗaya ce daga manyan garuruwan Alago, al'ummar da tarihin baka ke danganta asalinta da daular Kwararrafa. Sarkin garin shi ne Andoma na Doma, na Keana kuma Osana. Bikin Odu na Doma da bikin gishiri na Oyarore a Keana dama ce ta yaro ya tambayi dattawa ma'anar abin da ya gani. Jihar kanta ƙarama ce a shekaru, domin ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire ta daga Filato, saboda haka kakanni da iyaye da yawa shaidu ne na ranar da aka ƙirƙiro ta.

Da wane harshe?

A Doma yaro na iya tashi da Alago ko Tibi ko Fillanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji. Wasu iyaye na ganin hana yaro harshen gida zai gaggauta masa Turanci. Gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna akasin haka. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma sakamakonsu bai gaza na takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma ya zarce.

Dalilin a fili yake. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda ake haɗa baƙi da wasali su ba da sauti, kuma ya fi saurin kama wannan da kalmomin da ya riga ya san ma'anarsu. Da zarar ya kama, sai ya ɗauki dabarar zuwa kowane harshe. A kan wannan tushe aka shirya littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a makarantun Bauchi da Sakkwato. A gida, bayanin darasi da harshen da yaro ya fi ji, sannan a ba shi kalmar Turanci ta abin da ya riga ya gane, shi ne hanya mafi kusa.

Me ya sa yaro ke tuna wani abu ya manta wani?

Sashe na biyu na amfanin zama da yara shi ne abin da za su riƙe na tunawa bayan sun girma. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan.

Yawancin manya ba sa iya tuna abin da ya faru kafin su kai shekara 3 zuwa 3 da rabi. Amma iyakar tana motsawa gwargwadon yadda ake hira da yaro. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Otago ta New Zealand, aka wallafa a 2000, ya gano cewa 'yan ƙabilar Maori, waɗanda al'adarsu ta ginu a kan ba da labarin kakanni da baki, suna tuna abubuwan da suka faru tun ba su cika shekara 3 ba, wato tunaninsu ya fi na 'yan ƙasar masu asalin Turai komawa baya.

Farfesa Robyn Fivush ta Jami'ar Emory da ke Amurka ta shafe shekaru tana nazarin yadda iyaye ke tuna wa yara abubuwan da suka wuce. Ta bambanta salo biyu. Akwai uwar da ke maimaita tambaya ɗaya mai amsar i ko a'a. Akwai kuma wadda ke buɗe hira, ta ƙara bayani, ta karɓi abin da yaro ya faɗa ta ɗora a kai. Maimakon ta ce, "Ka ji daɗin zuwa gona?" sai ta ce, "Jiya da muka je gona, wa muka tarar a bakin rafi? Me Kaka ya nuna maka a gindin doya?" 'Ya'yan masu salo na biyu sun fi riƙe abubuwan da suka faru, sun kuma fi iya tsara labari, wanda shi ne harsashin fahimtar karatu.

Fivush da abokin aikinta Marshall Duke sun kuma shirya tambayoyi 20 da ke auna sanin da yaro ya yi wa tarihin gidansu, kamar inda kakanninsa suka tashi da yadda iyayensa suka haɗu. Sun tarar cewa yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu, sun kuma fi ƙarancin fargaba. Masu binciken sun ja hankali cewa haddace amsoshin kaɗai ba ya kawo wannan sakamako. Zaman da ake yi ana ba da labarin shi ne ke aikin. Sun lura kuma cewa labarin da ya fi amfani shi ne wanda ya ƙunshi samu da rashi: shekarar da aka yi asara, da yadda aka miƙe.

Wannan na da muhimmanci ga iyalan da ambaliya ko rikici ya taɓa. Ɓoye wa yaro abin da ya gani da idonsa ba ya shafe shi. Ba shi labarin daidai da shekarunsa, tare da ambaton wanda ya taimaka da yadda aka tsira, yana ba shi madogara.

Akwai kuma batun maimaici. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Almajirai sun san wannan da sunan tilawa da tishi. Ƙa'idar ta shafi abin tunawa na iyali ma. Tafiya mai tsada da aka yi sau ɗaya aka daina zancenta tana dusashewa, amma gasa sabuwar doya da ake yi kowace kaka, ko tuwon sallah da ake kai wa maƙwabta, ko waƙoƙin Kirsimeti da ake koya a gida, suna zama saboda suna dawowa kowace shekara.

Tatsuniya da kacici-kacici

Kafin talabijin da waya, hirar dare ita ce ajin harshe. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana koya wa yaro sauraro da bin labari daga farko zuwa ƙarshe da hasashen abin da zai biyo baya. Kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, karin magana yana koyar da taƙaita ma'ana. Alago da Tibi da Fulani kowa na da nasa taskar irin wannan.

Wayar da ake zargi da kashe hirar dare tana iya adana ta. Yaro na iya ɗaukar muryar kakarsa tana ba da tatsuniya ko tana lissafa sunayen kakanni, sannan ya zauna ya rubuta abin da ya ji. A aiki ɗaya ya yi sauraro da rubutu da tarihi, iyali kuma sun sami muryar da za ta rage bayan mai ita ta kwanta dama. Yana da kyau a tura kwafin sautin ga wani ɗan'uwa, domin waya na ɓata ko ta lalace.

Littafin rubutu guda ma ya isa zama kundin iyali. A shafin farko a zana bishiyar zuriya. A sauran shafuka yara su riƙa rubuta ranar ruwan farko, ranar shuka, ranar girbi, haihuwa da suna, baƙon da ya zo da inda ya fito. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane, babba ya sa masa kwanan wata.

Tsarin da iyali za su iya ɗauka

Sa'a guda a rana ta wadatar ga ɗan firamare, muddin ana yi kullum. Ana iya raba ta uku: minti 20 na karatu da murya, minti 20 na lissafi, minti 20 na rubutu ko ba da labari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda bai ci karo da makarantar Islamiyya ko ta coci ko aikin gida ba, kuma a tsayar da shi kada ya riƙa yawo.

Iyayen da ba su yi boko ba suna da rawar takawa. Uwar da ba ta karatu tana iya sa yaro ya karanta mata, ta tambaye shi ma'anar abin da ya karanta da harshensu. Idan ya kasa bayani, ta gano matsalar da malami bai gano ba. Yayye 'yan sakandare na iya duba rubutu. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa yaransu a zaure ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Manhajar da makarantu ke bi ta Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya ce, wato NERDC, kuma malamin aji na iya faɗa wa iyaye darussan zangon da ake ciki. Mai babbar waya na iya amfani da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris 2022, mai darussa kyauta da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Duka da tsawa suna rushe manufar baki ɗaya. Yaron da ya haɗa littafi da bulala zai tuna zaman, amma a matsayin abin gudu.

Jarrabawa da takardar shaida

Komai kyawun karatun gida, hanyar ci gaba a Najeriya ta takarda ce. Shiga makarantun haɗin kai na tarayya yana bin jarrabawar share fage da hukumar NECO ke shiryawa. Jarrabawar kammala sakandare ta 'yan makaranta, ta WAEC ko ta NECO, ana yin rajistarta ne ta hannun makaranta, tare da makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a aji.

Ga wanda karatunsa ya yanke, hukumomin biyu suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ake karɓar sakamakonta wajen neman gurbi a manyan makarantu kamar Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Hukumar JAMB kuma tun 2021 take buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa kafin rajista. Saboda haka takardar haihuwa da lambar shaida suna cikin abubuwan da ya kamata iyaye su tanada tun da wuri, su kuma adana su inda ruwa ko gobara ba za su kai ba.

Inda gida ke gazawa

Akwai abubuwan da tsakar gida ba za ta bayar ba. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na ɗaya. Na biyu shi ne cuɗanya. A gari irin Doma, inda ƙabilu da addinai ke zaune tare, benci ɗaya na aji shi ne wurin da ɗan manomi da ɗan makiyayi, Musulmi da Kirista, ke fara sanin juna da suna. Yankin da ya ɗanɗana rikici ya fi kowa buƙatar wannan benci.

Na uku shi ne ido na waje. Malami kan lura da yaron da ba ya gani sosai, ko ba ya ji, ko ake cutar da shi, abubuwan da na gida kan saba da su har su daina gani. Haɗarin ya fi yawa ga 'ya'ya mata, domin su ne zaman gida ke saurin rikiɗe musu ya koma wanke-wanke da talla, daga nan kuma sai aure kafin su kammala karatu.

Domin haka karatun gida a wannan yanki ya fi amfani idan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da makaranta. Ranar da aka buɗe aji bayan yajin aiki ko ambaliya ko hutu, littafin da yaro ya cika a gida shi ne abu na farko da ya kamata a miƙa wa malaminsa, domin ya san inda aka tsaya ya ɗora daga nan. Kundin iyali kuwa a gida yake zama, ƙanne su ci gaba da rubutu a shafukan da yayyensu suka bari.